BABI NA UKU: SAUYA TSARIN ƘWAƘWALWAR INJIN MOTA DON INGANTA AMSA TOTUR

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan sassan injin mota da irin aikin da kowane sashe yake yi. Wannan babi kuwa zai mayar da hankali ne ga na'urar nan mai sarrafa inji, wadda kanikawa suke kira ƙwaƙwalwar mota ko birenbos, tare da yadda ake sauya tsarin da ke cikinta domin mota ta riƙa amsa totur da sauri. Za a fara da ma'anar amsa totur, sannan a waiwayi tarihin ƙwaƙwalwar da yadda take aiki. Daga nan sai a duba dalilan da kan jawo jinkiri, da wuraren da ake taɓawa idan za a yi sauyi, da kuma abin da kan biyo baya. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, saurin amsa totur daban, ƙarin ƙarfin inji daban, kuma duk ƙarin ƙarfin da aka samu ta wannan hanya ana ciro shi ne daga rarar da kamfani ya bari don kare injin. Wannan rara kuwa ita ce motar da ke aiki a ƙasar Hausa ta fi bukata.

3.1 Ma'anar Amsa Totur

Idan aka ce amsa totur, ana nufin ɗan lokacin da ke tsakanin sa'ar da direba ya taka totur da sa'ar da ya ji motar ta zabura, haɗe da yadda zaburar ta dace da gwargwadon takawar da ya yi. Ke nan abubuwa biyu ne a ciki, wato sauri da kuma daidaito. Motar da ta amsa da sauri amma ta yi fizga fiye da yadda aka nema, ba za a ce tana da kyakkyawar amsa ba.

Ya kamata a bambanta wannan da ƙarfin inji. Ƙarfin inji shi ne iyakar abin da injin zai iya bayarwa idan aka take totur har ƙasa, kuma ana auna shi da ƙarfin doki. Babbar mota mai ɗaukar kaya tana da ƙarfi ƙwarai, amma tana da nawa wajen amsawa. Ƙaramin babur kuwa ba shi da wani ƙarfi, amma da an murɗa shi yake amsawa. Direbobi sukan haɗa waɗannan abubuwa biyu a magana ɗaya, su ce mota tana da wuta ko ba ta da wuta. Muhimmancin amsa totur yakan fito fili ne a lokacin da direba yake son wuce tirela a kan hanya mai hannu biyu, inda jinkirin daƙiƙa ɗaya kan iya zama sanadin haɗari.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Ƙwaƙwalwar Inji

Kafin zuwan ƙwaƙwalwa, kafireto ne yake haɗa iska da fetur, kuma waya ce ta ƙarfe take haɗa totur da shi kai tsaye. Irin wannan tsari ne yake cikin Peugeot 504, wadda Hausawa suke kira Fijo, daga cikin motocin da aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a shekarar 1975. A wancan lokaci bakanike da sukudireba da kunnensa yake daidaita silo da yawan mai.

A shekarar 1967 kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ya fito da tsarin D-Jetronic, wanda yake fesa fetur ta hanyar lantarki, aka fara sa shi a motar Volkswagen 1600. Dokokin rage hayaƙi, musamman dokar tsaftar iska ta Amurka ta shekarar 1970, su ne suka ƙara tura kamfanoni ga wannan hanya, domin kafireto ba ya iya auna mai daidai yadda dokokin suke bukata. A shekarar 1979 Bosch ya haɗa sarrafa mai da sarrafa wutar fulogi cikin na'ura guda mai suna Motronic, wadda aka fara sa wa motar BMW 732i. A ƙarshen shekarun 1980 kuma BMW ya fito da totur na lantarki wanda ba shi da wayar ƙarfe. Daga shekarar 1996 aka wajabta wa duk ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka su kasance da soket mai ramuka 16 na tsarin OBD-II, wanda ta nan ake jona na'urar bincike. Ƙasashen Tarayyar Turai sun bi sahu a shekarar 2001 ga motocin fetur.

Wannan tarihi ya shafi ƙasar Hausa ta fuskar motocin tokumbo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Golf 3 mai amfani da fetur, wadda ta yi suna wajen haya, tana da ƙwaƙwalwa amma totur ɗinta na waya ne. Toyota Camry ƙirar 2002 zuwa sama da ake kawowa daga Amurka kuwa totur ɗinta na lantarki ne. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga bayanin da zai biyo baya.

3.3 Yadda Ƙwaƙwalwa Take Aiki

Ƙwaƙwalwar inji ƙaramar kwamfuta ce wadda take karɓar labari, ta yi lissafi, sannan ta ba da umarni. Tana karɓar labarin ne daga wasu ƙananan na'urori da ake kira sensa. Muhimmai daga cikinsu su ne:

(a) Sensar juyawar inji, mai faɗin saurin juyawa da kuma inda kowane fistan yake.
(b) Sensar iska, mai auna yawan iskar da ke shiga ko kuma matsinta.
(c) Sensar totur, mai faɗin nisan takawar direba da buɗewar faifan totur.
(d) Sensar zafi, ta ruwan inji da ta iskar da ke shiga.
(e) Sensar oksijin da ke jikin salansa, mai faɗin ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan.
(f) Sensar ƙwanƙwasa, mai sauraron ƙarar ƙonewar da ba ta bisa ƙa'ida.

Umarnin kuma yana tafiya ne zuwa ga injekta mai fesa mai, da kwayil mai ba fulogi wuta, da kuma ɗan injin lantarki mai buɗe faifan totur. Don a gane saurin wannan aiki, sai a ɗauki inji mai silinda 4 da ke juyawa sau 3,000 a minti ɗaya. Kowace silinda tana tashi sau 25 a daƙiƙa, ke nan ƙwaƙwalwar tana yanke shawara a kan mai da wuta sau 100 a kowace daƙiƙa.

Ƙwaƙwalwar ba ta ƙirƙirar amsa da kanta. Tana duba wasu jadawalai ne da injiniyoyin kamfani suka rubuta suka ajiye a cikinta, waɗanda masu sana'ar suke kira taswira. Kowane jadawali yana da layuka da gidaje: gefe ɗaya saurin juyawar inji, ɗaya gefen nauyin aikin da injin yake yi, a kowane gida kuma akwai lambar da za a yi aiki da ita. Sauya tsarin ƙwaƙwalwa ba wani abu ba ne illa sauya waɗannan lambobi.

A motar da ke da totur na lantarki, abin da direba yake takawa sensa ce kawai mai aika saƙo biyu, domin idan ɗaya ya saɓa wa ɗaya ƙwaƙwalwar ta gane akwai matsala ta rage wa injin ƙarfi. Takawar direba roƙo ce yake aikawa, ƙwaƙwalwar ce take yanke hukuncin yadda za a buɗe faifan da kuma saurin buɗe shi.

3.4 Dalilan da ke Jawo Jinkirin Amsa

Ana iya kasa waɗannan dalilai gida uku.

3.4.1 Jinkiri na Ɗabi'ar Inji

Idan faifan totur ya buɗe, sai iska ta fara cika zauren da ke tsakanin faifan da silinda kafin injin ya amfana da ita. Haka nan wani kaso na man da aka fesa yakan manne a bangon bututu kafin ya ƙafe ya shiga. Saboda haka a farkon takawa iska takan riga mai isa, sai injin ya ɗan shaƙe. A zamanin kafireto akwai ɗan famfo da ke watsa ƙarin mai da zarar an taka totur don magance wannan, a yau kuwa wani jadawali ne yake yin aikin. A injin da ke da turbo, wato na'urar da hayaƙin salansa yake juyawa don ta cusa ƙarin iska, akwai ƙarin jira kafin hayaƙin ya yi ƙarfin juya ta. Irin wannan jinkiri ana iya rage shi, amma ba a iya kawar da shi baki ɗaya.

3.4.2 Jinkirin da Kamfani ya Sa da Gangan

Kamfanoni sukan sa ƙwaƙwalwa ta sassauta buɗewar faifai ko da direba ya taka totur da ƙarfi. Suna yin haka ne saboda dalilai sanannu: rage hayaƙi mai guba da ke ƙaruwa idan aka buɗe ko aka rufe faifai farat ɗaya, rage shan mai, kare giya da kuloci da shaf daga fizga, da kuma sauƙaƙa tuƙi a cunkoso ko a kan hanya mai santsi. Har wa yau, mota iri ɗaya ake sayarwa a ƙasashe masu sanyi da masu zafi, masu mai mai kyau da marasa shi, don haka dole kamfani ya bar rara a cikin lissafinsa. Wannan kashi na biyu shi ne ainihin filin da masu sauya tsari suke aiki a kai.

3.4.3 Jinkiri na Lalacewa

Matatar iska da ta toshe da ƙura, da bakin totur da ya yi dauɗa, da fulogin da ya cinye, da famfon mai da ya yi rauni, da sensar iska da ta ƙazantu, da salansar da ta toshe, duk suna sa mota ta yi nawa. A motar da ke da totur na waya, sakin wayar kaɗai ya isa ya jawo jinkiri. Haka kuma a mota mai giyar otomatik, sau da yawa jinkirin daga giya yake, domin sai ta sauko zuwa ƙaramar giya kafin motar ta zabura. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sauya jadawali zai warkar. Sauyin zai rufe alamar ciwon ne kawai, ciwon kuwa ya ci gaba da ci.

3.5 Jadawalan da Ake Sauyawa

3.5.1 Jadawalin Totur

Wannan shi ne mai fassara takawar direba zuwa buɗewar faifai, kuma a motoci masu totur na lantarki kaɗai ake samun sa. Ga misali da aka tsara don bayani, ba na wata mota takamaimai ba. Lambobin kaso ne cikin 100:

Takawar direba 10: tsarin kamfani 5, bayan sauyi 10
Takawar direba 25: tsarin kamfani 14, bayan sauyi 30
Takawar direba 50: tsarin kamfani 35, bayan sauyi 65
Takawar direba 75: tsarin kamfani 65, bayan sauyi 90
Takawar direba 100: tsarin kamfani 100, bayan sauyi 100

Idan aka lura da layin ƙarshe za a ga cewa lambobin ba su bambanta ba. Wato idan aka take totur har ƙasa, injin da aka sauya da wanda ba a sauya ba ƙarfi ɗaya suke bayarwa. Abin da ya faru shi ne an tattaro ƙarfin an kawo shi farkon takawa. Direba zai ji kamar motar ta ƙara wuta, alhali abin da ya samu da rubu'in takawa a yanzu, da can zai same shi da kusan rabin takawa. Illar wuce gona da iri a nan ita ce, motar takan yi wuyar sarrafawa a cunkoso ko wajen yin ribas, kuma rabin ƙarshe na totur ya zama kusan ba shi da aiki. Ingantaccen sauyi shi ne wanda ya rage jiran da aka sa wa faifan, ya kuma bar takawa da buɗewa suna tafiya daidai da juna.

3.5.2 Jadawalin Mai

Domin fetur ya ƙone sarai, ana bukatar kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur. A kan wannan ma'auni ƙwaƙwalwa take riƙe inji a tafiyar yau da kullum, da taimakon sensar oksijin, domin a nan ne matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kanikawa suke kira indomi, take aiki sosai. Amma inji ya fi ba da ƙarfi idan man ya ɗan fi haka yawa, wato wajen 12.5 zuwa 13 na iska ga 1 na mai. Mai sauya tsari yakan daidaita ƙarin man da ake bayarwa a farkon takawa don kawar da shaƙewar da aka ambata a 3.4.1. Wasu kamfanoni sukan ba da mai fiye da wannan ma'auni idan inji yana aiki mai nauyi, domin rarar man tana sanyaya fistan da bawul. Wanda ya rage wannan mai don neman ƙarfi, ya sani cewa ya rage wa injin abin sanyaya shi ne.

3.5.3 Jadawalin Wutar Fulogi

Cakuɗen iska da mai ba ya ƙonewa nan take, yana ɗaukar ɗan lokaci. Don haka fulogi yake ba da wuta tun kafin fistan ya ƙarasa sama, domin ƙarfin ƙonewar ya cika daidai lokacin da fistan ya fara saukowa. Ana auna wannan gabatarwa da digiri na juyawar inji. A silo takan kasance wajen digiri 10, a tafiya marar nauyi kuwa takan haura 30. A juyawa 3,000 a minti, digiri 10 bai fi rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa da kaɗan ba.

Ƙara gabatar da wuta yakan ƙara ƙarfi na gaskiya, amma yana da iyaka. Idan aka wuce iyakar, ragowar cakuɗen da wuta ba ta kai gare shi ba yakan fashe da kansa saboda zafi da matsi, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan shi ne ƙwanƙwasa. Ya kamata a bambanta shi da abin da direbobi suke nufi idan suka ce inji ya buga, wato ya lalace gaba ɗaya, ko da yake ƙwanƙwasar da ta daɗe takan fasa fistan da zobensa ta kai ga bugawar. Juriyar fetur ga ƙwanƙwasa ita ake aunawa da lambar okten. Idan sensa ta ji ƙarar, ƙwaƙwalwa takan ja da wutar baya don kare injin, sai ƙarfi ya ragu. Saboda haka motar da aka matsa wa jadawalin wuta fiye da ƙarfin man da take sha, tana iya komawa ta fi da nawa.

3.5.4 Jadawalin Matsin Turbo da Iyakoki

A inji mai turbo ana iya ƙara matsin iskar da ake cusawa, a ƙara mai daidai da ita. A nan ne ake samun ƙari mai yawa, wanda kan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye. Injin da ba shi da turbo kuwa iskar da zai iya zuƙa da kansa ita ce iyakarsa, don haka ƙarin da ake samu ɗan kaɗan ne, galibi bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Da yake mafi yawan ƙananan motocin fetur na tokumbo ba su da turbo, alƙawarin ƙarin ƙarfi mai yawa a kansu abin a yi taka-tsantsan da shi ne. Akwai kuma iyakokin da kamfani ya sa wa juyawar inji da ƙarfin da ake bari ya isa ga giya. Ɗage su yana ɗora wa kuloci da giya nauyin da ba a ƙera su don shi ba.

3.6 Hanyoyin Isa ga Ƙwaƙwalwa

(i) Sauya ɗan guntun ma'ajiya. A motocin shekarun 1980 da farkon 1990 sai an buɗe akwatin an cire guntun da jadawalan suke ciki an sa wani.

(ii) Rubutu ta soket na OBD-II. Ana jona kwamfuta a karanto tsarin, a gyara, a mayar. Daga cikin sanannun kayan wannan aiki akwai KESS na kamfanin Alientech na Italiya, da manhajar WinOLS ta kamfanin EVC na Jamus.

(iii) Rubutu a kan tebur. Idan kamfani ya kulle hanyar soket, sai a ciro ƙwaƙwalwar a jona ta kai tsaye.

(iv) Akwatin tsakani. Wannan na'ura ce da ake saƙalawa tsakanin sensa da ƙwaƙwalwa don ta sauya saƙon da ke wucewa. Irin wanda ake sa wa totur yana ƙara girman saƙon takawa ne kawai, bai taɓa mai ko wuta ba, saboda haka aikinsa bai wuce abin da aka nuna a 3.5.1 ba.

Kowace hanya aka bi, akwai haɗarin ƙwaƙwalwar ta mutu idan batir ya yi sanyi ana cikin rubutu, ko kuma lambar tantancewa da ke tabbatar da ingancin tsarin ba ta yi daidai ba. Sayen wata a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba ya kawo ƙarshen wahalar, domin a motoci da yawa sai an sake haɗa ta da makullin motar kafin inji ya tashi.

3.7 Yanayin Ƙasar Hausa da Rarar Kariya

Tsarin da aka gwada a Turai an gina shi ne a kan yanayin can, inda man da aka fi sha yake da okten 95, iska kuma take da sanyi. Akwai abubuwa huɗu da suka sa ɗauko irin wannan tsari a ɗora wa motar da ke aiki a nan yake da haɗari.

Na farko shi ne zafi. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40. Iskar da ke digiri 40 ta fi ta digiri 20 sakayau da kimanin kashi 6 cikin 100, ga shi kuma iska mai zafi ta fi saurin jawo ƙwanƙwasa. Na biyu shi ne ƙura, musamman a lokacin hunturu, wadda take toshe matatar iska ta kuma ɓata karatun sensa. Na uku shi ne ingancin mai, wanda ba koyaushe yake zama ɗaya ba, balle ga mai saye a hannun 'yan bumburutu. A watan Fabrairu na shekarar 2022 hukumomin Nijeriya sun tabbatar da shigowar fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa. Na huɗu shi ne tsufan motocin da yawan lodi. Injin da ya yi tafiya mai nisa yakan tara baƙin gawayi a kan fistan, wanda yake ƙara matsi da zafi a cikin silinda. Idan aka haɗa da al'adar cire na'urar daidaita zafin ruwa da wasu kanikawa suke yi, sai ya zama ƙwaƙwalwar tana lissafi ne a kan yanayin da ba shi aka tsara mata ba.

Duk waɗannan abubuwa suna cin rarar da kamfani ya bari tun kafin a taɓa komai. Wanda ya zo ya yanke ragowar, ya bar injin ba shi da madogara ranar da zafi da lodi da mugun mai suka haɗu. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.

Ta fuskar aljihu kuma, tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, shan mai ya zama babban abin dubawa ga mai mota. Totur mai saurin amsawa yakan sa faifai ya riƙa buɗewa fiye da bukata a tafiyar cikin gari, wanda hakan yake ƙara shan mai idan direba bai sassauta ƙafarsa ba.

3.8 Matsayin Doka

A Amurka dokar tsaftar iska ta haramta sauyin da zai kashe na'urorin rage hayaƙi. A Jamus ƙarin ƙarfin da ba a tantance aka shigar a takardun mota ba yakan soke izinin hawa da ita kan hanya. Girman tasirin waɗannan jadawalai ya bayyana a watan Satumba na shekarar 2015, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal tsarin da ke gane lokacin gwaji ya rage hayaƙi. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11 a duniya. A Nijeriya akwai ƙa'idojin hayaƙin ababen hawa na shekarar 2011 a ƙarƙashin hukumar NESREA, sannan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya a shekarar 2017. Bugu da ƙari, kamfanonin mota sukan janye garantinsu daga injin da aka sauya wa tsari.

3.9 Matakan da Suka Dace a Bi

Bisa ga bayanan da suka gabata, aikin da aka yi bisa ƙa'ida yakan bi wannan jeri:

1. A sa wa motar na'urar bincike, a karanta kurakuran da ƙwaƙwalwa ta ajiye, a gyara su.
2. A duba matatar iska da fulogi da matsin famfon mai, a wanke bakin totur, a sake koya wa ƙwaƙwalwa matsayin faifai. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa.
3. A kwafe tsarin asali a adana shi kafin a taɓa komai.
4. A fara da jadawalin totur da na ƙarin man farkon takawa, domin su ne suka fi shafar amsawa, kuma haɗarinsu ya fi sauƙi.
5. Idan za a taɓa wuta ko turbo, a yi kaɗan-kaɗan, da irin man da motar za ta riƙa sha, a kuma gwada da tsakar rana ana duba rahoton sensar ƙwanƙwasa da ta oksijin.
6. Kada a kashe wata sensa ko wata iyakar kariya don kawai a ɓatar da wutar gargaɗi.

3.10 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa amsa totur ta ƙunshi sauri da daidaito, kuma ta bambanta da ƙarfin inji. An bi tarihin ƙwaƙwalwa daga shekarar 1967 zuwa zamanin totur na lantarki, an kuma kasa dalilan jinkiri gida uku, inda aka ga cewa kashi na biyu ne kaɗai sauya tsari yake magancewa kai tsaye. An bayyana cewa jadawalin totur yana sauya yadda ake raba ƙarfi ne ba tare da ya ƙara shi ba, yayin da jadawalan mai da wuta da turbo suke ƙara ƙarfi ta hanyar cin rarar kariya. Da yake zafi da ƙura da rashin tabbas na mai da tsufan motoci sun riga sun rage wannan rara a ƙasar Hausa, gyaran lalacewa shi ne ya kamata ya zo a gaba, sauya tsari kuma ya tsaya a iyakar abin da aka auna aka tabbatar. Babi na gaba zai duba na'urorin binciken mota da kalmomin da kanikawa suke amfani da su wajen wannan aiki.